Senior Bowl, Shrine Bowl, Hula ko Legacy: wace gayyata ɗan ƙwallon jami'a zai amsa kafin zaɓen NFL?

Da zarar kakar ƙwallon jami'o'in Amurka ta fara naɗe tabarmarta, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sai takardun gayyata su fara isa hannun 'yan wasan da suka yi fice. Ba tamaular da muka saba kallo a gidan kallo nake nufi ba. Ƙwallon Amurka ce, mai hular kwano da karo da kafaɗa. Duk wanda ya gama jami'a yana son shiga gasar ƙwararru ta NFL, hanyarsa ita ce zaɓen da ƙungiyoyi 32 ke yi a ƙarshen Afrilu. Zagaye 7 ake yi, kuma gurbin duka bai cika wuce 260 ba, alhali masu nema dubbai ne.

Tsakanin ƙarshen kaka da ranar zaɓen akwai wasannin baje koli, inda ake tara zaƙaƙuran 'yan jami'o'i daban-daban a raba su gida biyu, su yi atisaye na 'yan kwanaki, sannan su buga wasa ɗaya. Huɗu ne suka fi suna: Senior Bowl, East-West Shrine Bowl, Hula Bowl da HBCU Legacy Bowl. In kai ne gayyata ta zo wa, ko ɗanka ko ƙanenka da ke karatu a can, to za ka ga cewa sunayen sun yi kama da juna amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Da me za a auna

Kafin komai, ka cire wasan ranar ƙarshe daga lissafinka. Shi ne ake nunawa a talabijin, shi ne dangi za su zauna su kalla, amma mafi yawan masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyi sun riga sun kama hanyar filin jirgi kafin a busa usur. An sassauta dokokinsa don kada a ji wa juna ciwo, an taƙaita dabarun da masu tsaron baya za su iya yi, kuma kowa ɗan lokaci kaɗan yake samu a fili. Abin da ya kawo su shi ne atisayen tsakiyar mako, musamman karon ɗaya da ɗaya, inda ake ware ƙato biyu a ce wannan ya tare, wancan ya kutsa, kyamara na ɗauka. Bayan haka sai awon jiki da ganawa da jami'an ƙungiyoyi da dare.

Saboda haka ga ma'aunin da nake amfani da shi:

Su wa za su zo kallo, kuma wa zai iya yanke hukunci a cikinsu? Akwai bambanci tsakanin ƙaramin ma'aikacin da aka turo ya rubuta rahoto da babban manajan da zai ɗaga waya ranar zaɓe.

Da wa za ka kara? Ɗan damben da ya kashe duk samarin ƙauyensu ba a san ƙarfinsa ba sai ya shiga gidan dambe na birni.

Nawa zai ci maka, na kuɗi da na lokaci?

Amfanin zai daɗe? Nan ina duban abu biyu: ko faifan atisayenka zai ci gaba da yawo a ofisoshin ƙungiyoyi har Afrilu, da ko shi kansa wasan yana da gindin zama. Wasan NFLPA Collegiate Bowl, wanda ƙungiyar 'yan wasan NFL ce da kanta ta kafa shi a 2012, an daina shi bayan na 2023.

Sauƙin samun gurbi, da kuma haɗari: rauni, ko a auna ka a ga ba ka kai abin da jami'arku ta rubuta ba, ko wani ya yi ta kayar da kai a gaban jama'a.

Senior Bowl

Wannan shi ne babban yaya. An fara shi a Jacksonville a 1950, shekara ɗaya bayan nan aka mayar da shi birnin Mobile na jihar Alabama, kuma can yake har yau. Tun 2021 ana buga shi a filin Hancock Whitney na Jami'ar Kudancin Alabama, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Masu shirya shi suna masa kirari da cewa a Mobile zaɓe ke farawa, kuma ba cika baki ba ne kawai: a 'yan shekarun nan, 'yan wasa 100 ko fiye daga cikin waɗanda suka je can ake ɗauka a zaɓe ɗaya. Ka tuna gurbin duka nawa ne, ka yi lissafi.

Masu kallo su ne manya. Manajoji, manyan kociyoyi, shugabannin sashen farauta, duk garin cika yake da su a makon. Kociyoyin da za su horar da kai ma daga ƙungiyoyin NFL aka ɗebo su, da littafin dabaru irin nasu, don a ga yadda kake ɗaukar karatu cikin kwana uku.

Wanda ya fi cin ribar Mobile shi ne ɗan ƙaramar jami'a da ake shakkar abokan karawarsa. Tarihin wasan cike yake da irinsu, kuma biyu daga ciki 'yan yankinmu ne na Afirka ta Yamma. Christian Okoye, ɗan Enugu, ya je Amurka ne a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa ƙwallon Amurka ba sai da ya wuce shekara 20. Jami'arsa, Azusa Pacific, ƙarama ce da manyan ƙungiyoyi ba su cika leƙawa ba. Ya je Senior Bowl na 1987 ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya har sau 4, Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na biyu, kuma a 1989 babu wanda ya fi shi gudu da ƙwallo a duk NFL. Ezekiel Ansah kuma ɗan Accra ne, ya je Jami'ar Brigham Young yana son ƙwallon kwando, sai a 2010 ya fara wannan. A Senior Bowl na 2013 kociyoyin Detroit Lions ne suka horar da ɓangarensa, suka yi mako guda suna kallonsa kusa da kusa, da Afrilu ta zo suka ɗauke shi na 5 a duk zaɓen. A shekarar ne kuma Eric Fisher na Central Michigan ya yi ta tare duk wanda aka turo masa a atisaye, ya ƙare a matsayin na 1. Carson Wentz daga North Dakota State a 2016, Josh Allen daga Wyoming a 2018, duk hanyar nan suka bi. Har 'yan rukuni na uku na jami'o'i, inda ba a ba da gurbin karatu don wasa, sun ci moriyarsa: Ali Marpet ya shiga zagaye na biyu a 2015, Quinn Meinerz zagaye na uku a 2021.

Kuɗi ba matsala ba ne. Wanda aka gayyata ba ya biyan ko sisi, masu shiri ne ke ɗaukar tafiya da masauki da abinci. Abin da yake ci shi ne mako guda daga lokacin da kake shirin gwajin Combine na Indianapolis, wanda ke zuwa ƙarshen Fabrairu, inda ake auna gudu da tsalle da ƙarfi. Masu horar da gudu ba sa son a katse musu shiri, kuma suna da gaskiyarsu.

Haɗarinsa kuwa daidai yake da girmansa. In ka yi abin kirki kowa ya gani, in aka tona asirinka ma kowa ya gani. Tef ɗin awo ba ya kara. Russell Wilson da aka auna shi a can a 2012 bai kai ƙafa 5 da inci 11 ba, abin da ake ganin gajarta ce ga mai jefa ƙwallo, kuma sai zagaye na uku aka ɗauke shi duk da bajintarsa. Kenny Pickett a 2022 bai yarda a auna tafin hannunsa a Mobile ba, ya bari sai Combine, amma maganar ƙanƙantar hannun nan ta bi shi har ranar zaɓe.

Samun gurbi shi ne mafi wuya. Suna da nasu masu farauta da ke bin wasanni duk kaka, suna kuma tuntuɓar ƙungiyoyi su ji wa suke son gani. Ba a neman shiga, kiranka ake yi.

East-West Shrine Bowl

Shi ne mafi tsufa, tun 1925 a San Francisco. 'Yan ƙungiyar Shriners ne ke shirya shi don tallafa wa asibitocinsu na yara, kuma ziyarar yaran nan marasa lafiya na cikin al'adar makon. Ya daɗe yana ƙaura. A 2022 ya koma Las Vegas, daga 2024 kuma ya dawo yankin Dallas a Texas, a wuraren ƙungiyar Dallas Cowboys. Ana yinsa 'yan kwanaki kafin wasan Senior Bowl, a tsakiyar mako.

Da can ana masa kallon wurin waɗanda Mobile ta ƙi. Wannan kallon ya fara tsufa. NFL tana ba shi kociyoyi kamar yadda take ba wancan, duk ƙungiyoyi 32 suna turo mutane, kuma abin da ake ɗauka daga cikinsa a zaɓe ya kai wajen 50 a 'yan shekarun nan. Rabin na Senior Bowl ke nan, mafi yawa kuma a rana ta uku, wato zagaye na 4 zuwa na 7. Amma Zay Flowers ya je can a 2023 ya shiga zagayen farko a hannun Baltimore Ravens. Tom Brady a can ya buga a shekarar 2000 kafin a ɗauke shi na 199. Brock Purdy ma can ya je a 2022, shi ne kuma mutum na ƙarshe da aka kira a zaɓen shekarar, na 262, da kwantiragin dala miliyan 3.7 na shekara huɗu. A 2025 San Francisco 49ers suka sabunta masa na dala miliyan 265.

Ni a ganina, ga ɗan wasan da ake hasashensa a tsakiyar zaɓe ko ƙarshensa, Shrine yakan fi Mobile amfani, kuma ga dalili. A Mobile, idan kai ne na shida a layin masu kama ƙwallo, idon kowa na kan biyun farko, kai kuma kana jiran ragowar juyi, wato ɗan abin da ya rage na damar shiga atisaye. A Shrine kai ne za a kalla. Gara ka zama abin magana a wuri na biyu da ka zama cikon benci a wuri na farko. Ga kuma wata ƙofa: duk shekara wasu kan janye daga Senior Bowl saboda rauni ko shawarar wakili, wato mai kula musu da harkar kwantiragi, sai a kira wanda ya haskaka a Shrine ya cike gurbin, ya ci kasuwa biyu.

Shrine ya daɗe yana gayyatar 'yan jami'o'in Kanada. Akiem Hicks daga Regina ya bi ta nan a 2012, Laurent Duvernay-Tardif daga McGill a 2014, duka an ɗauke su. Kuɗi, kamar na farko, ba ka biya. Haɗarin rauni ɗaya ne. Haɗarin kunya ya ɗan ragu, tunda abokan karawar ba su kai na Mobile kaifi ba, sai dai wannan ma yana da ƙaya: in ka yi fice, akwai mai cewa ai da wa ya kara.

Hula Bowl

Sunansa na Hawaii ne, can aka haife shi a shekarun 1940, ya yi zamani sosai, sannan ya kwanta bayan na 2008 sai a 2020 ya farfaɗo. Da filin Aloha na Honolulu ya daina aiki, aka kwashe shi zuwa Florida daga 2022, amma ɓangarorin biyu na nan da sunayensu na can, Aina da Kai, wato ƙasa da teku.

Ƙarfinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: shi ke fara zuwa, a farkon rabin Janairu. Wanda ya yi kyau a can yana da sauran lokacin da za a kira shi Shrine, ko ma Mobile. Isiah Pacheco na Rutgers ya buga Hula sannan Shrine a 2022, Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na 7, ya kuma ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, a shekararsa ta farko. Masu kallo galibi ma'aikatan farauta ne na yanki, ba manajoji ba, tare da mutanen gasar Kanada ta CFL da ta bazara ta UFL. Kaɗan ne ake zaɓa daga nan. Yawanci abin da ake samu shi ne kiran waya bayan an gama zaɓe, a ce ka zo sansanin gwaji. Kada ka raina wannan. Ƙungiya takan tara mutum 90 kafin kaka, ta rage zuwa 53, ta ajiye 16 a rukunin atisaye, kuma duk wanda ya shiga 53 ɗin nan, ko ba a zaɓe shi ba, mafi ƙarancin albashinsa a 2025 dala 840,000 ne.

HBCU Legacy Bowl

Wannan na mutane ne na musamman: 'yan jami'o'in da aka kafa wa baƙaƙen fata a Amurka tun zamanin wariya, waɗanda ake kira HBCU a taƙaice, irin su Grambling, Jackson State, Howard da Florida A&M. A zaɓen 2021 ba a ɗauki ko mutum ɗaya daga waɗannan makarantu ba, duk da cewa su suka fitar da irin su Walter Payton da Jerry Rice. A 2022 aka fara Legacy Bowl a New Orleans, a filin Jami'ar Tulane, ƙarƙashin gidauniyar da tsofaffin 'yan wasan NFL biyu, Doug Williams da James Harris, suka kafa don karrama 'yan ƙwallon waɗannan makarantu. Ɓangarorin suna ɗauke da sunayen tsofaffin kociyoyi biyu, Gaither da Robinson.

Yana zuwa a makare, bayan Super Bowl, a ƙarshen Fabrairu, lokacin da ƙungiyoyi sun riga sun tsara jerin sunayensu. Don haka ba ya ɗaga mutum sama kamar na Mobile. Amma a shekarun baya an haɗa shi da gwajin gudu da ƙarfi na musamman ga 'yan waɗannan makarantu, ana kuma haɗa shi da taron neman aiki inda kamfanoni ke zuwa karɓar takardun ɗalibai. Wannan na biyun ya burge ni. Shi kaɗai ne a cikin huɗun ya yi tanadi a fili don ranar da ƙwallo ba ta karɓi mutum ba, kuma mafi yawa ba za ta karɓe su ba.

| | Senior Bowl | Shrine Bowl | Hula Bowl | Legacy Bowl |
|---|---|---|---|---|
| Wuri | Mobile, Alabama | Yankin Dallas, Texas | Florida | New Orleans |
| Lokaci | Ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu | Ƙarshen Janairu | Farkon rabin Janairu | Ƙarshen Fabrairu |
| Masu kallo | Manajoji da manyan kociyoyi | Duk ƙungiyoyi, manya da ƙanana | Ma'aikatan farauta, CFL, UFL | Ma'aikatan farauta da kamfanoni |
| Waɗanda ake zaɓa | 100 ko fiye | Wajen 50 | Kaɗan | Kaɗan ƙwarai |
| Samun gurbi | Mai wuya sosai | Mai wuya | Da dama-dama | Sai ɗan waɗannan makarantu |
| Gindin zama | Tun 1950, bai gushe ba | Tun 1925, yana yawan ƙaura | Ya taɓa kwanciya shekara 12 | Sabo, tun 2022 |
| Babban haɗari | A tona rauninka gaban kowa | A raina abokan karawarka | A gan ka a manta | Ya zo a makare |

Hanyoyi biyu da ba sa cikin tebur

Ta farko ita ce ƙin zuwa gaba ɗaya. Wanda kowa ya yarda zai shiga goman farko ba shi da abin nema a atisaye sai rauni, don haka wakilinsa yakan ce ya zauna. Akwai kuma tsaka-tsaki, a je a yi ganawa da awo amma ba a sa hular kwano ba. Shedeur Sanders ya je Shrine a 2025, ya yi ganawa amma bai yi atisaye ba. An yi ta hasashensa a zagayen farko, sai a zagaye na 5 Cleveland Browns suka ɗauke shi. Ba zan ce rashin atisayen ne ya jawo ba, dalilai sun fi haka yawa, amma ya nuna cewa hasashen 'yan jarida ba alkawarin ƙungiya ba ne. Kafin ka ce ka fi ƙarfin atisaye, ka tabbata daga bakin ƙungiyoyi wakilinka ya ji, ba daga talabijin ba.

Ta biyu ita ce ƙananan wasannin baje koli da ke neman ɗan wasa ya biya kuɗin rajista, ya kuma ɗauki nauyin tafiyarsa da otal. Wasu na gaskiya ne, wasu kasuwanci ne da burin yara. Iyayenmu sun san irin wannan a tamaula, masu zuwa su karɓi kuɗi da sunan gwaji a Turai. Tambaya ɗaya za ka yi: waɗanne ƙungiyoyi ne suka turo mutum bara, kuma wa ya samu kwantiragi daga cikin waɗanda suka zo? In aka fara kewaye-kewaye, ka riƙe kuɗinka. Ranar gwajin da jami'arku ke shiryawa a Maris, wadda masu farauta ke zuwa, kyauta ce. Haka ma wakili: sai wanda ƙungiyar 'yan wasan NFL ta ba lasisi, kuma kasonsa ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na kwantiragi.

Wani abin lura ga wanda bai kai shekarar ƙarshe ba. Dokar NFL ta ce sai mutum ya cika shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga zaɓe, kuma tun kakar 2024 aka yarda wanda ya bar jami'a da wuri ya buga Senior Bowl, Shrine ko Legacy. Wannan ya ƙara cunkoso a sama, ya turo 'yan shekarar ƙarshe nagari zuwa Shrine da Hula, shi ya sa waɗannan biyun suka ƙara kaifi.

Wanne ne naka

In daga ƙaramar jami'a ka fito, ko kamar Okoye da Ansah ka fara wasan a makare, kuma Senior Bowl ya kira ka, kada ka tsaya shawara da kowa. Tambayar da ake yi a kanka ita ce ko za ka iya da manya, kuma Mobile kaɗai ke amsa ta. Haka in kai mai tare gaba ne ko mai kutsawa, domin karon ɗaya da ɗaya ya fi nuna aikinku a kan na kowa.

In daga babbar jami'a kake, ana da faifanka na shekara uku kana karawa da manya, kuma hasashenka zagaye na 4 zuwa na 7 ne, to Shrine ya ishe ka, wani lokaci ma ya fi. Abin da kake bukata shi ne yawan juyi a atisaye da zama da jami'an ƙungiyoyi su san ka.

In gayyata ɗaya ce ta zo, ta Hula, ka karɓa da hannu biyu, ka je da shirin tafiya ta biyu a jakarka, kuma ka gaisa da mutanen CFL da UFL kamar yadda za ka gaisa da na NFL.

In ɗan jami'ar baƙaƙen fata ne kai, kuma Senior Bowl ko Shrine ya kira, ka fara da shi, tunda Legacy na zuwa daga baya. Joshua Williams na Fayetteville State ta Mobile ya bi a 2022 ya shiga zagaye na 4. In babu wannan kiran, ka je New Orleans da takalmin wasa da kuma takardun karatunka.

In kana ɗauke da rauni da bai warke ba, ka nemi a bar ka ka je ganawa da awo kawai, ka ajiye jikinka don Combine da gwajin Maris.